Bakalori, 1980: Riwaya Biyu a Kan Jinin Manoma

Wani mai karatu ya aiko mini da wasiƙa daga Gusau yana tambayar ainihin abin da ya auku a Bakalori a shekarar 1980, domin ya lura cewa dattawan gidansu, duk sa'ad da hira ta kai ga alkawarin hukuma, sukan ambaci sunan wurin sau ɗaya sa'an nan su kawar da zancen, shi kuwa bai taɓa cin karo da labarin a littafin makaranta ba. A ƙarshen watan Afrilu ne al'amarin ya faru. Bakalori a ƙasar Zamfara take, halin da ƙasar take ciki yau kuwa ba sai na faɗa wa kowa ba, saboda haka ba zan ɓata tawada a kansa ba. Zan koma ne can baya, zamanin da ƙasar ke cikin Jihar Sakkwato, in bi sawun yadda aikin da aka ce don talaka aka yi shi ya ƙare da harbin talakan.

Asalin maganar daga 1969 yake, lokacin da masanan hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, bayan sun yi shekaru suna auna Gulbin Sakkwato da na Rima, suka ba da shawarar a gina madatsar ruwa matsakaiciya a Bakalori, kusa da Talata Mafara, a kuma tafi da aikin sannu a hankali, don kada a rushe noman fadamar da mutane suka gada kaka da kakanni. Shawara ce ta masu hankali, kuma da an bi ta, da wataƙila mai karatunmu bai sami abin tambaya ba. Amma abu biyu suka taru suka sauya lissafi: farin da ya afka wa ƙasashen Sahel daga 1972, wanda ya tsorata mahukunta ƙwarai, da kuma kuɗin man fetur da suka ɓarke wa gwamnatin Janar Yakubu Gowon bayan 1973, har ya zamana ƙaramin aiki abin kunya ne a idon manya. Aka ɗora wa kamfanin Impresit na ƙasar Italiya, wanda ke ƙarƙashin Fiat, nauyin nazarin abin da ya dace a gina, kamfanin ya ce babbar madatsa guda ɗaya ita ce maslaha, sa'an nan aka ba shi kwangilar gina ta. Ban san mahaucin da za a tambaya ko a yanka rago ko a yanka sa ya ce rago ba.

Aka fara aiki a 1974, aka kammala madatsar a 1978, a hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Tsawonta ya haura kilomita 5, tafkin da ta tara ya mamaye hekta 8,000, aka kuma ƙudurta shayar da gonaki kamar hekta 23,000 a ƙasa da ita, domin a riƙa noma alkama da shinkafa rani da damina. A takarda babu abin kushewa. Sai dai takardar ta ɗauki ƙasar tamkar fili ne da ba mai shi, alhali kuwa babu taƙi ɗaya a cikinta da ba a san ubangijinsa ba.

Wanda bai san fadama ba ba zai fahimci girman hasarar da aka yi ba. Kowace shekara, idan damina ta yi nisa, gulbi kan cika ya malala bisa fadama ya kwanta, ya bar mata laka mai taki, manomi ya girbe shinkafarsa, sa'an nan idan ruwa ya janye ya bi damshin da albasa da dankali da taba da barkono, masunci ya kama kifi a tafkunan da ambaliya ta bari, Bafillace kuma ya kawo shanunsa su ci karan da ya rage su zuba taki. Babu injiniyan da ya tsara wannan, babu ofishin da ke karɓar kuɗin ruwa, amma tsari ne da ya ciyar da garuruwa ɗaruruwan shekaru. Da aka tare gulbin, ambaliyar ta ragu, mutanen da ke ƙasa da madatsar, waɗanda ko sunansu ba a sa cikin lissafin aikin ba, suka wayi gari fadamarsu ta koma tudu. Nazarin da wani Bature, William Adams, ya yi daga baya ya nuna cewa dubban hektoci na shinkafa da na noman rani sun salwanta ta wannan hanya. Waɗanda ke sama kuwa, fiye da mutum 10,000, ruwa ya ci gidajensu da gonakinsu da maƙabartun iyayensu, aka kwashe su zuwa sabuwar Maradun, ƙasa mai tsakuwa da marmara, nesa da damshin da suka saba.

Amma a ganina waɗanda aka fi cuta su ne waɗanda aka ce su ne za su ci moriyar aikin, wato masu gonakin da ke cikin filin ban-ruwa. Kafin ruwa ya gudana a magudanai sai an baje ƙasa ta daidaita, saboda haka aka shigo da katafiloli suka bi gona-gona, suna tuge kuka da ɗorawa da tsamiya da kaɗanya, suna share jigajigai da layukan gamba da mutane ke gane iyaka da su, suna kankare ƙasar sama mai albarka su tura ta wani wuri. Ka ɗauki dattijon da ya san gonar ubansa da cewa daga gindin tsamiya take zuwa suri, ya fito da safe ya tarar babu tsamiya babu suri, sai jan fili shimfiɗe iyakar ganinsa, aka kuma ce masa kada ya yi shuka sai an gama aiki, aikin kuwa ya ci damina ɗaya, ya ci biyu, a wasu wurare har uku. Rumbu ba ya jiran injiniya. Mutum ya ci abin da ya ajiye, ya sayar da akuya, ya sayar da jaki, ya aika 'ya'yansa cin rani, kuma ranar da aka mayar masa da gona sai ya ga ba tasa ba ce, ko ta ragu, ko an ba shi inda aka kankare, tare da umarnin abin da zai shuka da lokacin da zai shuka shi.

A nan ne mas'alar diyya ta shigo, ita ce kuwa tushen fitinar duka. Dokar ƙasa ta Arewa ta 1962, da dokar amfani da filaye da gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa a 1978, duka sun ɗora ƙasa a hannun hukuma, ta yadda idan an karɓi gonar mutum ba a biyansa kuɗin ƙasar kanta, sai dai abin da ke bisanta na gini da amfanin gona da itatuwa. Wannan ƙa'ida baƙuwa ce ga mutanen da suke ganin gona milki ce da ake gada ana rabawa bisa farilla, a ƙasar da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa risala sukutum a kan hukuncin mallakar ƙasa, inda kuma fuƙaha'un Malikiyya, ko da suka halatta a tilasta wa mai fili ya sayar domin faɗaɗa masallacin Juma'a ko hanyar jama'a, suka shardanta a biya shi ƙimarsa. To, ko ɗan abin da dokar boko ta yarda a biya bai isa hannun mutane yadda ya kamata ba: wani an ƙidaya itatuwansa an rage, wani sunansa ya ɓace daga takarda, wani an biya wanda ba shi ba ne, akasari kuwa jira aka bar su da shi. Suka kai kuka ga masu unguwanni da dagatai da hakimai, suka yi ta zarya zuwa ofishin hukumar, mutum ya taka sayyadarsa tun asuba ya yini a gindin bango da 'yar takardarsa a aljihu, la'asar ta yi a ce masa mai sa hannu ya yi tafiya.

Da soja suka miƙa mulki ranar 1 ga Oktoba, 1979, manoman suka ɗauka cewa wahala ta zo ƙarshe, kuma suna da hujjar zaton haka, domin shugaban ƙasa, Alhaji Shehu Shagari, ɗan jiharsu ne, gwamna Alhaji Shehu Kangiwa ɗan jam'iyyarsa ta NPN ne, Jihar Sakkwato kuwa ta ba jam'iyyar ƙuri'a ba ƙyashi. A watan Nuwamba na shekarar, gwamnan ya fuskanci masu zanga-zangar ya yi musu alkawarin duba koke-kokensu duka. Wata ya bi wata, rani ya yi tsanani, damina ta doso, ba a ga abin da aka alkawarta ba. Sai manoman suka koma ga makami ɗaya tak da ya rage musu, suka tare hanyoyin da ke shiga wurin aikin, suka hana motocin kamfani wucewa, aiki ya tsaya cak. Abin lura a nan shi ne, kukan da aka yi shekaru ana yi bai motsa kowa ba, amma tsayuwar injunan ɗan kwangila ta motsa hukuma cikin gaggawa. A ƙarshen Afrilu na 1980 aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma, suka buɗe wuta.

Daga nan riwaya ta rabu biyu. Gwamnati ta ce mutum 25 ne suka mutu, ta kuma nuna al'amarin a matsayin tarzomar da ta wajaba a kwantar. Masu sukarta, musamman 'yan bokon da ke tare da jam'iyyar PRP, waɗanda Dokta Yusufu Bala Usman, sakataren gwamnatin Jihar Kaduna a zamanin Alhaji Balarabe Musa, yake cikin mafi ɗaga murya a cikinsu, suka ce adadin ya kai 386, suka ce harbin bai tsaya ga shingen hanya ba, an bi mutane har cikin ƙauyuka irin su Birnin Tudu, an kuma ƙona gidaje. Tsakanin 25 da 386 ba saɓanin ƙidaya ba ne. Ɗayan ɓangarorin biyu bai faɗi gaskiya ba.

Malaman hadisi, idan riwayoyi biyu suka ci karo, sukan duba halin mai ruwayar da abin da zai samu ko ya rasa, kafin su yi tarjihi. Idan muka ari ma'auninsu, dole mu yarda cewa 'yan PRP abokan hamayyar NPN ne, kuma duk abin da zai baƙanta gwamnatin Shagari riba ce gare su, saboda haka ba zan rantse a kan adadinsu har zuwa mutum na ƙarshe ba. Amma aibin riwayar gwamnati ya fi wannan girma nesa ba kusa ba, domin ita ce wadda ake tuhuma, kuma babu alƙalin da ke karɓar shaidar mutum a kan wanke kansa. Ban da haka, duk wanda ya san ƙauye ya san cewa Musulmi ba ya kwana da gawa yana jiran jami'i ya zo ya rubuta, balle a ranar da jami'in ne ya yi harbin; wanda aka suturta da dare, da wanda ya gudu daji da harsashi a jikinsa ya cika a can, ba su shiga littafin asibiti. Ƙidayar hukuma a irin wannan rana ƙidayar abin da ya iso hannunta ce, ko abin da ta ga dama ta amsa. Saboda haka ni dai na fi karkata ga cewa ɗaruruwa ne suka mutu, kuma masanan da suka bi diddigin al'amarin daga baya, irin su Bjorn Beckman da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sun ɗauke shi kisan gilla ne ba 'yar hatsaniya ba.

Akwai kuma masu cewa 'yan siyasa ne suka zuga manoman. Wannan magana tsohuwa ce, kowace hukuma takan jawo ta idan talaka ya ɗaga kai, kamar dai mutumin da ya yi damina uku bai shuka ba yana buƙatar wani ya zo daga birni ya sanar da shi cewa yana jin yunwa.

Abin da ya biyo baya ba ya buƙatar dogon bayani. Gwamna Kangiwa ya rasu a Nuwamba na 1981 bayan ya faɗo daga doki a filin wasan folo a Kaduna, ba na kuwa cikin masu ɗaura wannan da wancan, ajali na Allah ne. Soja suka kifar da gwamnatin Shagari a ƙarshen 1983. Alkamar da aka yi wa buri ba ta cika kasuwa ba, na'urorin yayyafin ruwa masu tsada da aka kafa suka lalace don rashin wuta da kayan gyara, magudanai suka cushe da yashi da ciyawa, har ya zamana a farkon shekarun 2000 abin da ake shayarwa bai kai rabin abin da aka tsara ba, manoma suka koma ga shinkafarsu da 'yan injunan ban-ruwa na kansu. Zamfara ta zama jiha a 1996, madatsar ta faɗo cikinta, a 2014 kuma aka shiga wani shiri da rancen Bankin Duniya domin gyara abin da ya lalace.

Ga mai karatunmu na Gusau, da ɗaliban tarihi na jami'o'in Sakkwato da Gusau, ina da roƙo guda. Yaron da yake da shekara 15 a ranar harbin yau ya ba 55 baya, dattawan da suka tsaya a shingen kuwa akasarinsu sun riga mu gidan gaskiya. Ku tafi Maradun da Talata Mafara da Birnin Tudu da takarda da alƙalami, ku zauna gaban waɗanda suka rage, ku tambaye su wa da wa aka binne a makon nan, ku rubuta sunan kowa da sunan mahaifinsa da ƙauyensa.