Yadda "gung-ho" ta shiga bakin Turawa

Daga cikin kalmomin da Turanci ke siffanta mai ɗoki da su akwai "gung-ho", wadda ake faɗa wa mutumin da ya rungumi aiki da zafin nama har ba ya jiran a ce masa tashi, kuma tushenta yana ƙasar Sin ne a zamanin yaƙi. Bayan da sojojin Japan suka kama Shanghai a 1937, masana'antun birnin kuma suka durƙushe, wasu baƙi mazauna ƙasar, cikinsu har da Rewi Alley mutumin New Zealand da ɗan jarida Edgar Snow da matarsa Helen, suka haɗa kai da 'yan ƙasa aka kafa ƙungiyar masana'antun haɗin gwiwa a 1938, wato ƙananan ma'aikatu da masu aikin ke mallaka su kuma gudanar, domin a saƙa barguna da tufafin soja a yankunan da abokan gaba ba su kai ba. Da yake sunan ƙungiyar da Sinanci dogo ne, sai aka taƙaita shi zuwa gaɓa biyu, wato "gung-ho", ɗaya daga kalmar masana'anta, ɗaya daga kalmar haɗin gwiwa.

Wanda ya ɗauko kalmar zuwa Amurka shi ne Evans Carlson, hafsan sojan ƙundunbala na ruwa, wanda ya zaga Sin yana nazarin yaƙin, ya kuma fahimci gaɓoɓin biyu a matsayin kira zuwa ga aiki tare, ko da yake Sinawa suna ne kawai suke ji a cikinsu. Da aka ba shi bataliyar kai farmaki a 1942, ya mai da ita kirarin rundunarsa, har yakan kira taron da ƙaramin soja ke da damar faɗin ra'ayinsa a gaban hafsa, abin da ba a saba gani ba a barikin wancan zamani. Harin da suka kai tsibirin Makin a watan Agusta na shekarar, da fim ɗin 1943 mai suna "Gung Ho!", su suka yaɗa ta cikin jama'a.

Abin takaici, ma'anar haɗin kai ta zube a hanya, ƙwazon mutum ɗaya ya maye gurbinta, ta yadda a yau sau da yawa akan yi amfani da ita wajen sukar mai garaje, musamman ɗan siyasar da ke ɗokin a shiga yaƙi ba tare da auna abin da zai biyo baya ba.