Molo da Mandolin: Labarin Itace, Fata da Ƙarfe a Zangon Wagadugu

Wanda ya tashi daga Paspanga, tsohuwar unguwar nan ta tsakiyar birnin Wagadugu inda barikin jandarma yake, ya nufi kudu wajen filin jirgin sama, zai ratsa wani yanki mai faffaɗan tituna da sababbin benaye. Baƙo ba zai sani ba, amma a nan ne Zangwetin take a dā, watau zangon Hausawa na birnin. Sunan ma daga kalmar zango aka samo shi. Unguwa ce ta fatake da malamai da masu sana'ar hannu, irin wurin da ake jin amon molo da garaya da goge a lokacin biki. Labarin waɗannan kayan kiɗa yana ƙara fitowa fili idan aka jera shi da na wani ɗan'uwansu na Turai, wanda ake kira mandolin. Dukansu da hannu ake yinsu, dukansu kuma suna ɗauke da ƙarfe a jiki, amma abin da ya sami gadonsu ba ɗaya ba ne.

Yadda zango ya kafu

Tun kafin zuwan Turawa ayarin fatake yakan tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Gwanja domin sayen goro. Sukan ɗora wa jakuna kanwa da tufafi da kayan fata, su haye Kwara, su bi ta ƙasar Gurma da ta Mosi ko ta Borgu, har su kai kasuwar Salaga. Tafiyar takan ci watanni. Duk inda ayari ya saba sauka sai waɗansu su zauna su zama masu masauki, ta haka zango yakan zama unguwa. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwarta zuwa waɗansu garuruwa. A 1896 Faransawa suka shiga Wagadugu, birnin Moro Naba, a 1919 kuma suka mai da shi babban birnin ƙasar da suka kira Haute-Volta, wadda ta zama Burkina Faso a 1984.

Inda Bahaushe ya kafa zango, sana'o'insa sukan biyo shi. Akwai mahauci da wanzami, akwai baduku da maƙeri, akwai kuma makaɗi, gama ba a suna ko aure shiru. Hausawa ba su tarar da ƙasar ba kiɗa ba. Mosawa suna da nasu molon mai suna kunde, da nasu gogen mai suna rudga. Farafara na arewacin Gana suna da kologo, Zabarmawa suna da molo wanda masu ba da tarihinsu suke kaɗawa, mutanen Mali kuma suna da ngoni. Dukansu dangi ne, tsofaffi kuwa, domin matafiyin nan Ibn Battuta, wanda ya shiga ƙasar Mali a 1352, ya tarar da masu kaɗa irinsu a fadar sarki.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Molon Hausa yana da tsirkiya uku. Masassaƙi ne yake fara aiki, ya fafe guntun itace guda ya zama kamar siririn akushi mai tsawo. Sa'an nan a jiƙa fata a shimfiɗa a bakinsa, a ja ta da ƙarfi, a kafe ta, a bar ta ta bushe. Sandan wuya yakan shiga ta ƙarƙashin fatar, ƙarshensa ya leƙo ta wani ɗan rami kusa da gindi, a nan ake maƙale tsirkiyoyin. A sama kuwa da tsirin fata ake ɗaure kowace tsirkiya a jikin sandan. In makaɗi yana so murya ta hau sai ya tura ɗaurin sama, in yana so ta sauka sai ya sassauto shi.

Garaya tsirkiyarta biyu, asalinta kiɗan maharba ce, shi ya sa ake son fatar gada a kanta. Gurmi da goge ƙwarya ce jikinsu, akan rufe ta da fatar guza. Kuntigi kuwa gwangwanin kifi ne da tsirkiya ɗaya tak, da shi ne Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya zaga duniya. A dā da izgar doki ko murɗaɗɗiyar fata ake yin tsirkiya. Daga baya igiyar roba ta kamun kifi da wayar birkin keke suka shigo, saboda suna da araha, ba sa kuma saurin tsinkewa.

Aikin ƙarshe na maƙeri ne. Yakan buga ɗan siririn faifan ƙarfe, ya huhhuda gefensa, ya zura ƙananan zobba, a soka shi a kan sandan wuya. Da an taɓa tsirkiya sai zobban su ɗauki rawa, su bi kowace murya da ƙaramar ƙara kamar ta akayau. Makaɗi yana iya cire shi in ya ga dama, amma a taro yakan bar shi, gama wannan ƙara ita take cika fili, ta kai sauti nesa. Ashe molo guda yana bukatar masassaƙi da baduku da maƙeri da makaɗi, kuma zango shi ne wurin da duk huɗun suke maƙwabtaka.

Mandolin daga Napoli zuwa Amurka

Mandolin ƙaramin abin kiɗa ne mai tsirkiya takwas, an jera su biyu biyu, kowane biyu muryarsu ɗaya. Kakansa shi ne al'ud na Larabawa, wanda ya shiga Turai ta Andalus da Sisili. Wanda aka fi sani ya fito ne a birnin Napoli na Italiya wajen tsakiyar ƙarni na 18, a hannun gidajen masu sana'a irin su zuriyar Vinaccia. Bayansa a kumbure yake kamar ɓarin duma, amma da siraran katako da yawa ake harhaɗa shi. Mozart ya sa shi cikin wasansa na Don Giovanni a 1787.

Wajen 1835 Pasquale Vinaccia ya sa masa tsirkiyoyin baƙin ƙarfe. Wannan ya ƙara masa amo, amma ya kawo sabuwar matsala, domin irin jan da waya takwas suke yi ya fi ƙarfin turakun itace da ake murɗawa a dā. Sai aka koma ga maɗauran ƙarfe masu haƙora. Mutum yakan juya ɗan maɓalli sau da yawa kafin turken ya zaga sau ɗaya, saboda haka ana iya daidaita murya sannu sannu, ta kuma tsaya inda aka bar ta.

A Amurka wani mai suna Orville Gibson, mazaunin Kalamazoo a jihar Mishigan, ya sāke masa siffa. Maimakon kumburarren baya, sai ya sassaƙa fuska da baya daga katako mai kauri, kamar yadda ake yin gogen Turawa. Ya sami takardar mallakar fasaharsa a 1898, a 1902 kuma aka kafa kamfanin Gibson. A 1919 kamfanin ya ɗauki Lloyd Loar, makaɗi mai nazarin sauti. Shi ya fito da samfurin da ake kira F-5 a 1922. Wuyansa ya fi tsawo, akwai sandan ƙarfe a ɓoye cikin wuyan don kada ya tanƙware, jakin da tsirkiyoyi suke hawa ana iya ɗaga shi ko a sauke shi da ƙananan kusoshi, a gindi kuma akwai farantin ƙarfe mai zane wanda yake riƙe da tsirkiyoyin. Kowane F-5 da ya gamsu da shi, Loar yakan sa hannu a takarda, ya rubuta kwanan wata, a manna a cikinsa. 'Yan ɗaruruwa kaɗan aka yi kafin ya bar kamfanin a ƙarshen 1924.

Ba su sami kasuwa sosai ba a lokacin, domin yayin mandolin ya riga ya fara wucewa, banjo ne ake yayi. Shi banjo jikan dangin molo ne. Bayin da aka kwashe daga Afirka ta Yamma su suka fara yinsa da duma da fata a tsibiran Karibiyan. A Amurka, tun wajen shekarun 1840, aka soma sa masa kusoshin ƙarfe kewaye domin a riƙa ɗaure fatar.

Darajar F-5 ta tashi ne bayan wani makaɗi, Bill Monroe, ya sayi tsohon guda a shagon aski a jihar Fulorida cikin shekarun 1940. Takardar da take cikinsa tana ɗauke da ranar 9 ga Yuli, 1923. Da shi ya kafa salon kiɗan da ya yi suna da shi. A 1985 wani ya shiga gidansa ya farfasa shi, amma wani ma'aikacin Gibson mai suna Charlie Derrington ya tsince gutsattsarin ya mayar da su ɗaya ɗaya. Yanzu yana gidan tarihi a birnin Nashbil. Har wa yau akwai masu sana'a a Amurka da Turai da Ostiraliya waɗanda suke yin mandolin da hannu bisa wannan tsohon samfuri. Sukan auna kaurin katakon na asali, su dafa manne daga fatar dabba kamar yadda aka yi a dā, su nemi maɗaurai da farantin gindi masu kama da na 1923 har zuwa zanen da yake jikinsu. Su ma sun yarda da tsohuwar zuma ake magani.

Abin da ƙarfe yake faɗi

Ƙarfen mandolin aikinsa riƙewa ne. An sa shi domin murya ta tsaya cik, ta fita tsab, kuma in wani abu ya yi kacau-kacau a jikinsa, mai shi yakan kai shi gyara. Ƙarfen molo kuwa don ya yi motsi aka sa shi, abin da wancan yake gudu shi wannan yake nema. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Ɗaya an gina shi domin makaɗa da yawa masu karanta kiɗa a takarda su dace da juna, ɗayan kuwa domin ya bi muryar mawaƙi guda a fili. Molo yakan saki da damina, ya ɗaure da hunturu, shi ya sa makaɗi yakan shanya shi a rana ko ya kanga shi ga wuta kafin ya fara. Ma'auninsa yana cikin kunne da yatsun mai shi.

A nan ne hatsarin yake. Idan duk masu yin mandolin suka ƙare yau, wani zai iya farfaɗo da sana'ar gobe, gama akwai suna, akwai kwanan wata, akwai awo a rubuce. Mai sassaƙa molo ba ya sa suna. Iliminsa daga uba zuwa ɗa yake bi, ko daga maigida zuwa yaronsa, yana kuma dogara ga maƙeri da badukun da suke bayan gidansa.

A 2003 gwamnatin Burkina Faso ta rushe Zangwetin tare da waɗansu unguwannin da suke kewaye da ita, domin gina sabuwar cibiyar ciniki da ofisoshi wadda ake kira ZACA. Mutum kimanin 12,500 aka tayar, aka ba su filaye a Waga 2000 da Niyoko, can gefen gari. Ana iya biyan diyyar gida, amma maƙwabtakar da ta shekara fiye da ɗari ba ta shiga lissafin diyya. Inda sana'a take rataye da zaman kusa, watsewar unguwa takan taɓa ta ko da ba wanda ya nufe ta da sharri.

Ba a ce birnin ya manta da kayan kiɗansa ba. Tun 1988 ake yin babban bajekolin sana'o'in hannu na SIAO a Wagadugu. A 1999 aka buɗe gidan tarihin kiɗa, wanda daga baya aka sa wa sunan mawaƙin nan Georges Ouédraogo. Babbar lambar yabon mawaƙan ƙasar, wadda aka fara bayarwa a 2001, sunan kunde take ɗauke da shi. Sai dai gidan tarihi abin da aka riga aka yi yake ajiyewa. Ba ya koya wa yaro irin itacen da ake zaɓa, ko yawan jiƙon da fata take so, ko kaurin da faifan ƙarfe zai yi kafin zobba su amsa.

Wannan magana ta shafi masu karatun Littafi Mai Tsarki da Hausa ta wata hanya. Da masu fassara suka zo kan kayan kiɗan Dawuda da na Zabura, sunayen molo da garaya suka ɗauka, domin su ne kowane Bahaushe ya sani. Yau yaro yakan ji sunayen nan ana karantawa ran Lahadi, alhali jita da piyano kaɗai ya taɓa gani a gaban jama'a.

Abin da masu mandolin suka yi bai fi ƙarfin kowa ba. Duk garin da tsohon mai haɗa molo ko garaya yake da rai, daga Wagadugu har Zariya da Maradi, ana iya zama da shi da littafi da ma'auni. A rubuta sunansa da na wanda ya koya masa, da sunan itacen, da irin fatar, da tsawon wuya, da sunan maƙerin da yake buga masa ƙarfe. A ɗauki muryar abin yana sabo. Fiye da duka, a ba shi aiki a biya shi, a kuma tura masa yaro mai kunne, domin mai sana'a ba ya koyar da abin da ba wanda yake saye. Loar shekara biyar kaɗai ya yi a Kalamazoo, amma 'yar takardar da ya manna ta sa ana bin sawunsa bayan shekara ɗari. Masu molon zango sun yi ɗaruruwan shekaru suna aiki, waɗanda suka rage a cikinsu kuwa sun cancanci a rubuta nasu sunayen tun suna da rai.