Kiri-kiri da Aya-aya: Yadda Ake Maganinsu a Lambu

Masu lambu a Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi, har zuwa masu noman rani a Ajiwa, sun san ciyayi biyun nan. Ka nome yau, bayan mako guda sun dawo. Dalili shi ne ƙarfinsu yana ƙarƙashin ƙasa.

Kiri-kiri jiki take shimfiɗawa, kowace gaɓa ta taɓa ƙasa sai ta yi saiwa. In ka daddatsa ta da fartanya ka bar guntayen a fangali, to dashe ka yi mata. Aya-aya kuwa 'ya'ya take ajiyewa a ƙasa, jere a kan zare ɗaya, ka tsinke zaren kowane ya tsiro da kansa. Don bambance su, murza karan da yatsu: na aya-aya kusurwa uku gare shi. Wannan bambancin yana da muhimmanci wajen sayen magani. Irin su Fusilade da Gallant, da ake fesawa cikin tumatir ko albasa, suna kama kiri-kiri amma ba ruwansu da aya-aya.

Hanya mafi arha ita ce rana. A watan Maris zuwa Afrilu, bayan an kwashe amfanin rani, a kafce wurin da zurfi, a daina ba shi ruwa, a bar saiwoyin su fito sarari. Bayan mako biyu a sake juyawa. 'Ya'yan aya-aya in suka bushe ƙayau ba sa tashi. A tsince na kiri-kiri a ƙona, kada a zuba su cikin ramin taki.

In dole sai an yi feshi, maganin glyphosate (Roundup, Force Up) shi ke bi ta ganye ya sauka saiwa. Ana fesa shi kafin shuka, ciyawa tana kore shar, don duk abin da ya taɓa zai kashe. A bi ma'aunin da ke jikin galan, a jira kwana 7 zuwa 14 kafin a taɓa ƙasar. A kula da ruwan haɗi: ruwan kwata ko mai laka yana kashe ƙarfin maganin, a samo na rijiya ko famfo. Paraquat ganye kawai yake ƙonawa, ga shi guba ce mai tsanani, ni dai ba na ba da shawararsa.

Mai feshi ya sa takalmin roba, safar hannu da takunkumi. Galan ɗin da ya ƙare a huda shi, kada yara su ɗauka su zuba ruwan sha.