Farin ɓera da gwiwar tsofaffinmu

 Daga nan Wudil nake magana da ku, ga kuma rubutaccen shirin saboda waɗanda data ba ta isa su saurara ba.

Yau tarihin ɓera za mu yi. E, ɓera na ce. Farin nan mai jajayen idanu da ake kiwo a ɗakin gwaje-gwaje, da yadda aka yi ya shigo maganar ciwon gwiwa. Na zaɓi batun ne saboda jimla ɗaya da ta cika wayoyinmu da lasifikokin masu tallar magani: "an gwada shi a jami'a, an tabbatar yana aiki." Sau da yawa abin da ake nufi shi ne an gwada a kan ɓera. To mene ne nauyin wannan magana? Sai mun san tarihin gwajin za mu iya auna ta.

Mu fara da ciwon. A ƙarshen ƙashin cinya da saman ƙashin ƙwauri akwai guringuntsi mai santsi, shi ke hana ƙashi gogar ƙashi. Idan shekaru suka ja, ko ƙiba ta yi yawa, ko an taɓa jin rauni a wurin, sai ya riƙa zaizayewa. Ƙashin da ke ƙarƙashinsa ya yi kauri, gefensa ya yi tsiro, gwiwa ta riƙa ƙara tana kumbura. Shi ne nau'in amosanin gaɓɓai da ya fi yawa, mutanenmu kuma sukan ce sanyin ƙashi. Kun san shi. Shi ne ya sa kaka take sallah a kan kujera, shi ne ya sa dattijon da ya shekara talatin yana kora shanu zuwa kara ranar Juma'a yanzu sai da sanda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da shi, miliyan 365 a gwiwa, kuma kashi 60 cikin ɗari mata ne.

Tun 1743 wani likita ɗan Sikotlan mazaunin Landan, William Hunter, ya rubuta cewa guringuntsi in ya lalace ba ya komawa yadda yake. Dalili shi ne babu hanyoyin jini a cikinsa, gyara kuwa jini ke kawo kayansa. Matsalar masu bincike ke nan: ciwon yana ɗaukar shekara goma ko ashirin yana cin gwiwa a ɓoye, kuma ba wanda zai yarda a buɗe masa ƙafa duk wata don a ga inda aka kwana. Dole a nemi wata halitta da za a ga farkon abin da ƙarshensa a jikinta cikin ɗan lokaci.

A nan ɓera ya shigo, kuma ta wata hanya mai ban mamaki. A Ingila ta ƙarni na 19 akwai wata caca: a zuba ɓeraye a rami, a saki kare, a sa kuɗi kan yawan da zai kashe. Wani kare da ake kira Billy ya yi suna a 1823 da ya kashe ɗari cikin minti biyar da rabi. Kun ga sai kama ɓera da kiwonsa suka zama sana'a. A cikin dubban da ake kamawa akan samu zabiya jefi-jefi, sai a ware shi don kallo. Masana tarihi da yawa suna ganin daga irin waɗannan ne fararen ɓerayen suka isa hannun masu bincike. A 1856 wani Bafaranshe, Philipeaux, ya riga ya fara yi musu tiyata don gano aikin wasu sassan jiki.

Amma ɓeran wannan ɗaki daban, na wancan daban, sakamako ba ya zuwa ɗaya. Sai a 1906, a Cibiyar Wistar da ke Filadalfiya a Amurka, Henry Donaldson ya ɗauki aikin samar da ɓera iri guda: a san nauyinsa a kowane wata, girman ƙwaƙwalwarsa, abincinsa, komai. Wata masaniya, Helen Dean King, ta shafe shekaru tana haɗa wa da ƙanwa zuriya bayan zuriya har suka zama kusan kwafin juna. Sunan cibiyar ne ya bi su. Duk ɗalibin da ya karanci kimiyyar sinadaran jiki ko haɗa magunguna a Bayero, ko Ahmadu Bello ta Zariya, ko jami'armu ta nan Wudil da aka buɗe a 2001, wadda yanzu take ɗauke da sunan Aliko Dangote, ya ci karo da kalmar Wistar a takardun bincike. Jikokin ɓerayen Filadalfiya ne.

Kada a haɗa shi da na ɗakin girkinmu fa. Ɓeran da ke yaɗa zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, wani jinsi ne daban mai yawan nonuwa. Na gwaji a keji ake haifarsa, a keji yake rayuwa.

To yaya ake sa wa ɓera ciwon tsufa alhali duk rayuwarsa shekara biyu zuwa uku ce? Hanyoyi biyu suka fi shahara. Ta farko tiyata. A 1973 Pond da Nuki suka nuna cewa idan aka yanke wata jijiya da ke riƙe gwiwar kare daga ciki, gwiwar takan yi lilo har guringuntsi ya cinye. Daga baya aka mayar da dabarar kan zomo da ɓera. Wannan ya yi kama da abin da ke samun ɗan ƙwallon da jijiyarsa ta tsinke yana saurayi, ciwon ya zo ya same shi yana ɗan shekara arba'in. 'Yan ƙwallon unguwa, ku riƙe wannan.

Ta biyu allura. Wani Bajamushe, Kalbhen, ya yi aiki a kanta a shekarun 1970 da 1980, ya ma fara da kaji. Ana zuba wani sinadari da ake taƙaita sunansa da MIA a cikin gwiwa, shi kuma sai ya hana ƙwayoyin guringuntsi cin sukarin da suke rayuwa da shi, su mutu. Cikin mako biyu zuwa huɗu gwiwar ɓera ta yi kama da ta dattijo.

Ɓera ba ya magana, ta yaya za a san yana jin zafi? Sai a tsayar da shi a wani ɗan akwati, kowace ƙafar baya a kan sikelinta. Lafiyayye yakan raba nauyinsa biyu daidai. Mai ciwo yakan jingina kan ƙafa mai lafiya, kamar dai yadda tsoho ke yi in zai hau mota. A ba shi magani a sake aunawa. A ƙarshe a yanka gwiwar siriri-siriri, a rina, a duba da madubin ƙara girma.

Akwai wani gwajin na uku, kuma shi nake so ku fi riƙewa. A 1962 Charles Winter da abokan aikinsa a kamfanin Merck suka fito da dabarar yi wa ɓera allurar wani sinadari da ake samu daga ciyawar teku a tafin ƙafa. Ƙafar ta kumbura cikin 'yan awoyi, a ba da magani, a auna ko kumburin ya ragu. Da taimakon wannan gwaji aka fito da indometasin a 1963, wanda muka fi sani da Indocid. Ga abin dariya ga abin tsoro: a Najeriya mutane da yawa da Indocid suke kashe ɓera. A barbaɗa a abinci, ya ci, hanjinsa ya yi gyambo, jini ya zuba, ya mutu. Wannan illar tana nan ga mutum in ya wuce ƙima. Shi da danginsa irin su diklofenak suna rage zafi, amma shan su kullum ba bisa ƙa'ida ba yana jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda, musamman ga tsofaffi. Mu ne kuwa ake aika kemis mu sayo wa iyaye haɗin ƙwayoyi a ƙulle a leda.

Gwajin tafin ƙafa yana da sauƙi da araha, shi ya sa ya yi yawa a jami'o'inmu wajen binciken itatuwan gargajiya. Ɗauki hano, wanda wasu ke kira ararrabi, da aka daɗe ana jiƙa ɓawonsa saboda ciwon gaɓɓai. Sunansa na kimiyya ma yana ɗauke da sunan Dalziel, likitan nan ɗan Sikotlan da ya yi aiki a Arewa, ya wallafa littafin sunayen tsirrai da Hausa a 1916. An gwada hano a kan ɓeraye, an ga yana rage kumburi. Labari ne mai daɗi, ya nuna kakanninmu ba da ka suke abu ba. Sai dai kumburin awa biyar a tafin ɓera abu ɗaya ne, guringuntsin da ya shekara ashirin yana cinyewa wani abu ne. Gwajin bai ce itacen yana tsiro da sabon guringuntsi ba, bai kuma faɗi kofi nawa mai shekara saba'in zai sha ƙodarsa ta ɗauka ba.

Ko manyan kamfanoni sun sha kaye a wannan gaɓa. Akwai wata allura, tanezumab, da ke toshe wani sinadarin da jijiyoyi ke amfani da shi wajen kai saƙon zafi. Dabarar ta yi aiki a ɓeraye, ta rage wa mutane zafi sosai. Amma a 2010 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta dakatar da gwajin, saboda gaɓɓan wasu sun riƙa lalacewa da sauri har sai da aka sa musu na ƙarfe. An ci gaba daga baya, a 2021 Pfizer da Eli Lilly suka haƙura gaba ɗaya. Dalilan irin wannan a fili suke. Ɓera ƙafa huɗu yake takawa, nauyinsa bai kai rabin kilo ba a lokacin gwaji, yawanci matashi ne, ciwonsa kuma na mako uku ne. Kaka tana da hawan jini, wataƙila da sukari, ga nauyin jiki duka a kan ƙafa biyu. Har yau babu maganin da hukumomi suka amince cewa yana mayar da guringuntsin da ya tafi.

Wannan ba ya nufin a raina ɓera. Shi ne matakin farko, shi ke tace guba kafin ta kai ga mutum. Muna ma da misali a gida: Niprisan, maganin sikila da cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja ta samar a shekarun 1990 daga haɗin wani mai maganin gargajiya, da masoro da kanumfari da karan dafi a ciki. Ya bi ta kan dabbobi, sannan aka gwada shi a kan masu cutar a ƙarƙashin kulawar likitoci. Hanyar ke nan, ba a tsallake rabinta.

Dabbar ma tana da haƙƙi. A 1959 Russell da Burch na Ingila suka kafa ƙa'idoji uku: in akwai abin da zai maye gurbin dabba a yi amfani da shi, a rage yawan da ake gwaji da su, a kuma rage musu wahala. Ɗaliban da ke saurarena, kun ji. A wannan shekarar ce kuma aka buɗe asibitin ƙashi na Dala a Kano, inda har gobe mutanenmu ke zuwa in gwiwa ta ƙi.

Hausawa suna cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai talla yana da laifinsa, mu ma da ke tura saƙo a WhatsApp ba tambaya muna da namu. In kun ji an ce an gwada, ku yi tambaya uku. A kan wa aka gwada, ɓera ko mutum? Me aka auna, kumburi, zafi, ko guringuntsin kansa? Wace illa aka gani? Abin da aka tabbatar yana taimakon mutum kuwa ba shi da tsada: rage ƙiba, motsa jiki don ƙarfafa naman cinya, riƙe sanda ba tare da jin kunya ba, da barin likita ya tsara maganin zafi.

Ku faɗa mana yadda ake kiran wannan ciwo a garinku da abin da tsofaffinku ke yi masa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.