Faɗa wa Majiyyaci Sunan Cutarsa: Nazari daga Gundumomin Tasawa da Mayahi

Tsakure

Maƙalar ta bi diddigin ko ambata wa majiyyaci ainihin cutarsa na taimaka masa ya warke. Matsayina shi ne yana taimakawa, musamman a cutar da maganinta ke ɗaukar watanni, muddin an faɗa masa cikin sirri.

Waiwaye

A littafinsu na 2003, Une médecine inhospitalière, Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan sun nuna yadda ake sallamar marasa lafiya a manyan biranen Afirka ta Yamma, har da Yamai, ba tare da wani bayani ba. Ban yi jayayya da su ba. Jayayyata da masu cewa tunda mutumin karkara yana da nasa sunayen, irin su zahi da shawara, sunan likita ba zai zauna masa ba. Wannan raini ne da aka sa wa rigar tausayi. Manomin da ya san bambancin cututtukan gero ba zai kasa riƙe sunan abin da ke cin ƙirjinsa ba.

Hanyar bincike

Na auna ƙa'idojin jinyar tarin fuka da tamowa da abin da na gani a ɗakunan jira na cibiyoyin lafiya a gundumomin biyu.

Sakamako

Tarin fuka ne ya fi bayyana lamarin. Maganinsa wata 6 ne: wata 2 ana shan magunguna 4 a haɗe, sannan wata 4 ana shan 2. Cikin ƴan makonni tari kan lafa, cin abinci ya dawo. Nan haɗarin yake. Wanda aka ce wa "ciwon ƙirji ne, ka sha wannan" ba shi da dalilin ci gaba, domin a saninsa ciwon ƙirji ya tafi. Damina ta kama, ko lokacin tafiya ci-rani Najeriya ya zo, sai ya naɗe karnensa na asibiti ya jefa a aljihu. Wanda kuwa aka zaunar, aka ce masa tarin fuka ne, ƙwayar tana nan ko da tarin ya tsaya, kuma katse magani na iya sa ta gagari maganin, shi ne ke da hujjar da zai ba kansa da iyalinsa. Shi ne kuma ke kawo yaran gidan a duba su.

A tamowa an sha bamban. Tun bayan yunwar 2005 sunan ya zama sananne a jihar Maraɗi, amma idan aka faɗe shi da ƙarfi a gaban layin mata, uwa takan ji an tozarta ta, kishiya kuma ta samu abin gori. A nan wurin faɗin ne ya cutar.

Iyakar nazarin

Ban ƙidaya waɗanda suka warke ba, kuma wanda ya tsaya wurin boka ko mai shagon magani bai shigo cikin abin da na gani ba. Cutar da ba ta da magani a kusa, kamar ciwon daji, tana buƙatar nata nazarin daban.