Siwa: Garin da Aka Gina da Gishiri

Abu na farko da ɗan jagoranmu ya sa muka yi a kufan Shali, tsohon garin Siwa, shi ne mu shafa bango, mu kai yatsa baki. Na shafa, na ɗanɗana, sai na ji gishiri zalla kamar na lashi kantun Bilma. Da na matsa kusa sai ga dunƙulallen gishiri fari fat yana leƙowa daga cikin laka, yana ƙyalli a hasken hantsi. Wannan haɗi shi mutanen garin ke kira karshif: a saro gishirin da ya sandare a bakin tafki, a cakuɗa da laka, a tayar da bango, a yi rufi da itacen dabino.

Siwa dausayi ne a hamadar yammacin Masar, kimanin kilomita 50 daga iyakar Libiya, kuma kusan kilomita 300 daga Marsa Matruh da ke gaɓar teku. Yana cikin wani kwari ne da ya fi doron teku zurfi, shi ya sa ruwan ƙasa ke ɓulɓulowa da kansa ya shayar da dabino da zaitun. Mutanen garin suna jin Larabci, amma a gida Siwanci suke yi, harshen da ke dangi ɗaya da na Abzinawa. Kalmar shali kanta, a bakinsu, gari take nufi.

Tarihin da suka gada ya ce wajen shekarar 1203 ne ragowar mutanensu suka baro tsohon mazauninsu na Agurmi, suka hau tudun Shali don tsira daga maharan hamada. Ganuwa ta hana garin faɗi, saboda haka ya yi sama. Ɗa ya yi aure, sai a ɗora masa ɗaki a kan na ubansa, har gidaje suka zama bene kan bene, lunguna suka yi duhu da rana tsaka. A wancan zamani baƙo ba ya kwana a ciki. Su ma samarin da ke aikin gonakin dabino, waɗanda ake kira zaggala, a bayan ganuwa suke kwana har su yi aure.

Fiye da shekara 600 garin ya yi yana cin gashin kansa, kafin Muhammad Ali, mai mulkin Masar, ya turo sojoji da igwa a 1820 suka ci shi da yaƙi. Igwar ba ta rushe Shali ba. Ruwan sama ne ya rushe shi. A 1926 aka kwana uku ana sheƙa ruwa a wurin da shekara kan wuce ba a ga na kirki ba, gishirin bango ya narke, benaye suka zube. Duk wanda ya ga yadda damina ke cin ganuwar Kano zai gane, sai dai ita a hankali take zaizayewa, wannan kuwa a kwana uku aka yi ta ta ƙare. Mutane suka sauko suka yi gini a ƙasa. Tsohon masallacin garin yana nan tsaye da hasumiyarsa mai kama da turmi a kife, kuma an gyara wani ɓangare na kufan da tallafin Tarayyar Turai, aka sake buɗe shi a Nuwamban 2020.

Daga nan muka shiga adaidaita sahu, muka ratsa gonakin dabino zuwa Agurmi. A kan dutsen Agurmi akwai ɗakin bautar Amun, wanda aka gina a zamanin Fir'auna Amasis, ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ɗaki ne ƙarami, kuma na yi mamakin ƙanƙantarsa idan aka auna da sunan da ya yi, domin har daga ƙasar Girka ake zuwa neman duba wurin bokayensa. Masanin tarihin nan Hirodotas ya rubuta cewa Sarkin Farisa Kambisis ya tura mayaƙa 50,000 su ƙone shi, guguwar rairayi ta binne su a hanya. A shekara ta 331 kafin haihuwar Annabi Isa, Iskandar na Makidoniya ya keto hamada da kansa ya zo nan, bokayen suka tare shi da kirarin ɗan Amun.

Abin da ya fi ɓata mini rai a yinin yana ɗan gaba kaɗan, a Ummu Ubaida. Bango ɗaya tak ya rage na wani ɗakin bauta na zamanin Fir'auna Nektanebo na Biyu, ga rubutunsa da zane-zanensa raɗau. Ba hamada ce ta ci sauran ba. A ƙarshen ƙarni na 19 wani jami'in gwamnati ya sa albarushi ya tarwatsa ginin don ya sami duwatsun gini.

Mu ma muna da alaƙa da Siwa ta hanyar fatauci. Ayarin da ke tashi daga Alƙahira kan yada zango a Siwa, ya wuce Aujila, ya isa Murzuk a ƙasar Fezzan, inda hanyar Borno da ƙasar Hausa ta fara. Da irin wannan ayari wani Bajamushe, Friedrich Hornemann, ya ratsa Siwa a 1798 cikin shigar Musulmi. Daga baya ya bi fatake zuwa Borno da Katsina, ya rasu a ƙasar Nufe.

Da la'asar muka nufi gabas, wajen tafkin Zaitun. Tun daga nesa ƙasa ta koma fara kamar an shanya auduga. Ramukan da masu yawon buɗe ido ke ɗaukar hoto a cikinsu ba tsofaffi ba ne, gurabun da motocin haƙar gishiri suka bari ne, ruwa ya cika su, shuɗi garau, bakinsu ya yi ɓawon gishiri mai kaifi. Na shiga, ruwan ya ɗago ni kamar ƙwarya. Ɗan jagora ya gargaɗe mu kada ya taɓa ido, kuma duk mai ƙwarzane a jiki zai san ya shiga. Da na fito iska ta buge ni, hannuwana suka yi fari kamar na mai dakan gero.

Wannan kyau yana tafe da ciwo. Bayan da aka shimfiɗa kwalta zuwa Matruh a shekarun 1980, noma ya faɗaɗa, aka yi ta haƙa rijiyoyi barkatai. Ruwan da ya shayar da gona ba shi da mafita, domin kwari ba ya zubar da ruwa zuwa ko'ina. Sai ya gangara tafkuna, su cika su tumbatsa, gishiri ya taso ta ƙarƙashin gonaki. A hanyarmu ta komowa ɗan jagora ya sa aka tsaya a bakin tafki, ya nuna mana wani layin dabino da ke tsaye cikin ruwa, kawunansu sun bushe ƙamas. Ya ce yana yaro a nan suke tsintar dabino.