Palm Springs da gine-ginen tsakiyar ƙarni na 20

Palm Springs gari ne a kwarin Coachella, cikin hamadar kudancin jihar Kalifoniya ta Amurka, kimanin kilomita 170 gabas da Los Angeles. Masu ƙasar na asali 'yan ƙabilar Cahuilla ne. Baƙin farko kuwa neman lafiya ya kawo su: a 1909 Nellie Coffman ta buɗe masaukin Desert Inn domin masu ciwon huhu da ke buƙatar busasshiyar iska. Daga baya taurarin Hollywood suka mai da wurin matattarar hutun hunturu.

Gine-gine ne suka fito da sunan garin. Albert Frey, mai zanen gine-gine ɗan ƙasar Siwizalan da ya yi aiki a ƙarƙashin shahararren mai zanen gini Le Corbusier, ya iso a 1934. Shi da takwarorinsa sun zo da salon zamani na ƙarfe da gilashi da siminti, babu ado, amma hamada ta sa suka sake lale. Inda zafi ke wuce digiri 45, bangon gilashi tsirara azaba ne. Sai suka riƙa miƙa rufi ya zarce bango don ya yi inuwa, suna kuma gina katanga da bulo mai huji-huji, iska ta wuce, rana ta tsaya. A gidansa na 1964, Frey bai fasa ƙaton dutsen da ya tarar a filin ba. Ya bar shi ya shigo har ɗakin kwana.

Richard Neutra ya zana gidan attajiri Edgar Kaufmann a 1946, E. Stewart Williams ya zana na mawaƙi Frank Sinatra a 1947. Waɗannan aka fi ɗauka hoto, amma kamfanin gine-gine na Alexander ne ya sauya fuskar garin. Galibi da zanen William Krisel, ya gina gidaje sama da 2,000 masu sauƙin kuɗi, wasu da rufi mai kama da fukafukan malam-buɗe-littafi. Aikin ya tsaya bayan masu kamfanin sun rasu a haɗarin jirgin sama a 1965.

Bunƙasar ba ta yi wa kowa daɗi ba. A shekarun 1950 da 1960 an rushe tare da ƙona gidajen ma'aikata, yawancinsu baƙaƙen fata da 'yan asalin Meziko, a unguwar Section 14. Sai a 2024 hukumar garin ta amince ta biya diyya.

Daga shekarun 1970 masu kuɗi suka karkata zuwa Rancho Mirage da Palm Desert. Wannan koma-baya ne ya ceci gidajen salon zamanin, domin ba a samu masu kuɗin rushe su a sake gini ba. Gyaran gidan Kaufmann a shekarun 1990 ya farfaɗo da sha'awar irin waɗannan gidaje, kuma tun 2006 ake bikin Modernism Week duk watan Fabrairu. Gidan man da Frey ya zana a 1965 shi ne yanzu ofishin karɓar 'yan yawon buɗe ido.